Amsar tambayar Malam kan Windows da Android

Salamu alaikum, 'yan uwa. Malam, na ji tambayarka ta jiya da dare, cewa ko yarjejeniyar da Microsoft da Google ke ƙullawa da masu ƙera kwamfuta da waya tana danne masu son gogayya da su. Ina shago ne nan Ƙofar Ƙaura, a yi haƙuri da ƙarar babura.

To, gaskiya tana dannewa, kuma ba yau aka fara ba. A farkon shekarun 1990, kuɗin da Microsoft ke karɓa wajen mai ƙera kwamfuta a kan kowace na'ura ce da ya fitar, ko ya sa MS-DOS, wato manhajar Microsoft mai tafiyar da kwamfuta kafin Windows, ko bai sa ba. Malam, ka riga ka biya nasu, ka sake zaro kuɗi ka sayi DR-DOS, irinta ta wani kamfani mai gogayya da su? Wa zai yi? Sai a 1994 gwamnatin Amurka ta sa suka bar wannan tsari.

Na waya kuwa shi ya fi ci mani rai, don shi nake taɓawa kullum. A 2018 Tarayyar Turai ta ci tarar Google Yuro biliyan 4.34. Laifin, a lokacin in kamfani na son Play Store a wayarsa, dole ya haɗa da Chrome da manhajar binciken Google. Ba a nan suka tsaya ba: muddin kana tare da su, ba ka sayar da wata waya mai wani samfurin Android da ba su yarda da shi ba. Indiya ma ta ci su tara a 2022.

Na san wani zai ce ai Android kyauta ne, shi ya sa talaka ke iya riƙe Tecno ko itel. Ban musa ba, wallahi ya taimake mu. Amma dubi Huawei. Tun 2019 da Amurka ta sa Google ya janye masu, sababbin wayoyinsu ba Play Store. Waya mai kyau, kyamara tar, batir mai riƙe caji, amma mutum ya kunna ya ga ba Play Store sai ya ajiye mani kan tebur ya ce in ba shi Infinix. Ba ingancin ya ƙi ba, Malam. Tun kafin kwalin ya iso Katsina an gama zaɓar mashi.

Ga kwastoma ya shigo, sai an jima.