Amsa ga ɗana a Berlin: asalin sunan Nachtigal da al'adar Jamusawa ta sunan iyali

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin labarin cewa karatu yana tafiya daidai. Ka ce a unguwar Wedding inda kake haya akwai wani dandali da wasu tsofaffin mazauna har yanzu suke kira Nachtigalplatz, alhali allon da ke kafe a wurin yana ɗauke da wani suna dabam, sannan daga baya ka ci karo da sunan a jikin ƙararrawar wani gida, amma da harafin l biyu a ƙarshe. Kana son sanin ma'anarsa, da ko duk mai ɗauke da shi jinin mutumin da aka sa wa dandalin sunansa ne, da kuma ko ƙarancinsa alama ce ta gidan sarauta. Amsar za ta yi ɗan tsawo, domin sunan ba zai fahimtu ba sai an bi ta kan al'adar da ta haife shi.

Nachtigall sunan tsuntsu ne, ɗan ƙarami mai launin ruwan ƙasa da wutsiya ja-ja, wanda ido ba ya ko kula da shi sai ya buɗe baki. Namijin yana rera kuka cikin dare lokacin da sauran tsuntsaye suka yi tsit, kuma daga nan ya sami sunansa, domin Nacht shi ne dare, gaɓar ƙarshe kuma ta fito ne daga wata tsohuwar kalma, galan, wato rera waƙa, wadda Jamusancin yau ya daina amfani da ita. Tsuntsun yakan isa Jamus a watan Afrilu, ya yi sheƙa ya ƙyanƙyashe, sannan kafin sanyi ya shigo ya ƙetare Sahara ya sauka a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da namu. Berlin tana daga cikin biranen Turai da suka fi yawansa, saboda haka idan Mayu ya kama ka bi ta gefen lambun Tiergarten bayan isha'i, za ka ji shi da kunnenka.

Yadda sunan tsuntsu ya koma kan mutum kuwa, sai mu koma wajen shekaru 800 da suka wuce. Kafin ƙarni na 12 Bajamushe suna ɗaya gare shi. Da birane irin su Kolon da Mainz da Strasbourg suka cika, sai Heinrich da Konrad da Johannes suka yi yawa a layi guda, magatakardan da ke rubuta haraji da bashi da gado kuma ya rasa yadda zai bambanta su, sai ya fara ƙara wa kowa wata alama. Wani aka jingina shi ga mahaifinsa, kamar Petersen, ɗan Peter. Wani aka kira shi da garin da ya fito ko wurin da gidansa yake, bakin rafi ko gindin tudu. Mafi yawa aka kira su da sana'a, shi ya sa har gobe sunayen da suka fi cika ƙasar su ne Müller mai niƙa, da Schmidt maƙeri, da Schneider tela, da Fischer masunci, da Weber masaƙi. Sauran kuma laƙabi ne na siffa ko hali, kamar Lang dogo, da Klein ƙarami, da Schwarz baƙi. Sunayen tsuntsaye a wannan rukunin na laƙabi suke, kuma masana sun tafi a kan cewa an fi kiran mutum Nachtigall saboda zaƙin murya ko son waƙa. Akwai hanya ta biyu da ba za a kore ba: a tsofaffin birane gidaje ba su da lamba, sai hoto da ake zanawa a ƙofa, na zaki ko mikiya ko wani tsuntsu, mai gidan kuma yakan wayi gari ana kiransa da hoton ƙofarsa. Ta haka ne iyalin Rothschild na Frankfurt suka sami sunansu daga jar garkuwa.

Tarihi ya adana mutane biyu da sunan ya zauna musu daram. A Nuremberg ta ƙarni na 15 an yi Konrad Nachtigall, mai gasa burodi, wanda yana cikin ƙungiyar masu sana'o'in hannu da suka shahara da tsara waƙa da rera ta bisa ƙa'idoji masu tsauri. A farkon ƙarni na 16 kuma an yi wani malami ɗan Strasbourg, Otmar Nachtgall, masanin kiɗa da harshen Girka, wanda ya bi yayin malaman zamaninsa ya mayar da sunansa Latin, ya zama Luscinius.

Duk wannan ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, domin mu ma muna da Dogo da Gajere da Maikano, kuma makarantun zamanin Turawa sun liƙa wa ɗalibai sunayen garuruwansu, shi ya sa muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bambancin, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka lura, shi ne laƙabinmu yakan tafi kabari tare da mai shi, ko ya bi 'ya'yansa zubi ɗaya ya ɓace, domin jikan Dogo da sunan nasa uban za a kira shi. A wurinsu laƙabin daskarewa ya yi, ya zama abin gado kamar gona, yana sauka daga uba zuwa ɗa ba tare da la'akari da ko ya dace da mai ɗauke da shi ba. Saboda haka Schneider na yau yana iya zama likita wanda bai taɓa riƙe allura da zare ba, Nachtigall kuma yana iya zama mutumin da ba ya iya jan baiti ɗaya. Al'adar ba ta game ƙasar a lokaci guda ba. Ta faro daga biranen kudu da yamma, ta gangara ƙauyuka a hankali, mutanen Friesland a bakin tekun arewa kuwa sun ci gaba da kiran ɗa da sunan ubansa kamar yadda muke yi har zuwa ƙarni na 19. Yahudawa ma doka ce ta tilasta musu, a Ostiriya a 1787, a Prusiya a 1812.

Game da l ɗaya da l biyu, asalinsa alƙalamin magatakarda ne. Ɗaruruwan shekaru limaman coci da ma'aikatan birni suna rubuta suna yadda kunnensu ya ji, har a kan sami 'yan uwa ciki ɗaya da rubutu iri biyu. Daga 1876 rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun ofishin gwamnati a duk faɗin ƙasar, ofishin da suke kira Standesamt, kuma zuwa 1900, lokacin da kundin dokokin zamantakewa ya fara aiki, rubutun kowane iyali ya tsaya a inda aka same shi. Tun daga nan bambancin harafi guda ya zama abin da iyali ke riƙewa da muhimmanci, kuma sauya suna a Jamus sai da hujja mai ƙarfi da hukuma ta yarda da ita. Idan za ka rubuta wa wani wasiƙa, ka kwafi sunansa harafi da harafi, domin kamar yadda ka gani gidajen haya a can ba su cika sa wa ɗakuna lamba ba, sunan da ke jikin akwatin wasiƙa shi ne jagoran ma'aikacin gidan waya.

Batun yawa kuwa, masu bincike a Cibiyar Kimiyya da Adabi ta Mainz sun ɗauki kundin lambobin wayar tarho na shekarar 2005 suka samu sunayen iyali daban-daban kusan 850,000, amma waɗanda suka bayyana sau goma ko fiye ba su wuce kimanin 200,000 ba. Ma'ana, galibin sunayen Jamusawa ƙalilan ne ke ɗauke da su, yayin da Müller shi kaɗai yake da mutane wajen 700,000. Nachtigall mai l biyu suna ne da kowane Bajamushe zai gane da zarar ya ji, saboda tsuntsun, ko da yake mutum yana iya daɗewa bai haɗu da mai shi ba. Mai l ɗaya ya fi ƙaranci sosai. Sunan kuma a warwatse yake, ba na gari ɗaya ba ne, kuma ƙaura ta ƙara watsa shi: bayan 1945 Jamusawa wajen miliyan 12 sun baro yankunan gabas sun bazu a sauran ƙasar, kafin nan kuma a ƙarni na 19 wasu iyalai masu sunan sun haye Amurka, inda waɗansunsu suka mayar da shi Nightingale domin ya dace da bakin maƙwabta.

Daga nan za ka ga amsar tambayarka ta zumunci. Laƙabi irin wannan ana iya raɗa shi a garuruwa goma a lokuta goma ba tare da masu shi sun san juna ba, kuma an raɗa irinsa a wasu harsuna, Rossignol a Faransa, Nachtegaal a Holan, Nightingale a Ingila. Haɗuwar suna ba ta tabbatar da haɗuwar jini, sai an bi rajistar coci kaka da kakanni an ga inda reshe ya haɗu da reshe. Ƙarancin suna kuma ba ya nufin sarauta. Yakan zo ne daga kuskuren rubutu da ya zauna, ko karin harshen wani lungu, ko kuma iyalin da 'ya'yansu maza suka yi kaɗan. Alamar tsohuwar sarauta a galibi ita ce kalmar von a gaban suna, ita ma tun 1919 doka ta cire mata kowace alfarma ta bar ta a matsayin ɓangaren suna kawai.

Mutumin dandalinku shi ne Gustav Nachtigal, kuma ya taka ƙasar Barno da ƙafarsa. An haife shi a 1834 a ƙauyen Eichstedt kusa da Stendal, ɗan limamin coci ne, ya yi karatun likita, ciwon huhu ya kai shi Aljeriya da Tunis neman busasshiyar iska. A 1869 ya tashi daga Tarabulus ɗauke da kyaututtukan Sarkin Prusiya Wilhelm na ɗaya zuwa ga Shehun Barno Umar, ya isa Kukawa a 1870, inda aka san shi da Idris Efendi. Daga can ya zaga Kanem da Bagarmi, ya ratsa Wadai da Darfur, ya fita Masar a 1874. Abin da ya rubuta game da waɗannan ƙasashe har yau masana tarihinmu suna dogara da shi, kuma ya bayyana harin kama bayi da ya gani a Bagarmi da baƙin ciki a fili. Amma shi ne kuma a watan Yuli na 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo da Duwala ta Kamaru a madadin gwamnatin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya buɗe ƙofar mulkin mallaka mai zafi, sannan ya rasu a cikin jirgin ruwa a 1885 a hanyarsa ta komawa gida. Saboda wannan ne a Disamba 2022 aka sauya wa dandalin suna zuwa Manga-Bell-Platz, domin tunawa da Rudolf Duala Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914 saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa, da kuma tunawa da matarsa Emily. A ganina sauyin ya yi daidai, domin sa wa dandali sunan mutum girmamawa ce, kuma wanda aka rataye ya fi cancantarta. Sai dai hukuncin a kan aikin mutum ɗaya ne. Sunan ya girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma ba daidai ba ne ka kalli mai ƙararrawar nan da idon tuhuma, ko ka tare shi da tambayar kakanninsa tun ba ku saba ba. A Kamaru ma sunan yana nan a kan gangaren ruwa da babbar madatsar lantarki ta kogin Sanaga.

Akwai wani abu a gidan wannan mutum da zai nuna maka yadda al'adar take ɓoye zumunci kamar yadda take ƙirƙiro na bogi. Rudolf Prietze, wanda ya tattara karin maganar Hausa da waƙoƙi daga bakin Hausawa mazauna Tunis da Alƙahira, ɗan 'yar uwar Nachtigal ne, amma sunansa bai nuna haka ba, domin mace a can takan bar sunan gidansu ta ɗauki na miji, 'ya'yanta kuma su bi uba. Wannan shi ne babban dalilin da ƙananan sunaye suke mutuwa: gidan da ya haifi mata zalla sunansa yakan ƙare a kansu. Dokar ta sassauta daga baya, domin tun 1976 ma'aurata suna iya zaɓen sunan matar ya zama na iyali, tun tsakiyar shekarun 1990 kowa yana iya riƙe nasa, kuma daga Mayu 2025 suna iya haɗa biyun su ba 'ya'yansu. A wannan gaɓar ni na fi gamsuwa da tsarinmu, inda mace take riƙe nasabarta ga mahaifinta har ƙarshen rayuwa, daidai da umarnin aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa a kira mutane da iyayensu maza.

A mu'amalarka ta yau da kullum, ka riƙa kiran babba ko malami ko maƙwabci da Herr ko Frau haɗe da sunan iyalinsa, ka yi masa magana da Sie, wato irin ku ɗin da muke yi wa manya, kada ka sauko zuwa sunan yanka da du sai shi ya ba ka izini, domin babba ne yake fara miƙa wannan. Kai ma haka za su yi maka, za su ɗauki sunan ƙarshe da ke fasfo ɗinka, wato sunan kakanku, su mayar da shi sunan iyali. Ka tabbata rubutunsa iri ɗaya ne a fasfo da takardar izinin zama da rajistar jami'a da banki, kuma shi ne ka liƙa a akwatin wasiƙarka, domin harafi ɗaya da ya saɓa yana iya sa takardar hukuma ta koma inda ta fito. Idan Allah ya ba ka iyali a can, wannan sunan ne za a rubuta wa 'ya'yanka a Standesamt, ba naka na yanka ba, saboda haka ka yi shawara da mahaifinka tun yanzu a kan wanda kuke so ya zauna.

Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Baffanka.