Gidan haya nake, motata a waje take kwana: wace kyamarar tsaro ta dace da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a Hanwa, nan Zariya, a gida mai sassa huɗu, kowane sashe da iyalinsa, ƙofar shigarmu ɗaya. Babu wurin ajiye mota a ciki, don haka tawa a jikin katanga take kwana, kimanin taku 20 daga tagar ɗakina. Watan jiya an cire mini batir, kafin nan an ɓalle madubi. Ina so in sa kyamara, amma mai gidan ba ya son a huda masa bango, wuta kuma ba tabbas. Wace iri zan saya, kuma guda ɗaya za ta ishe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Malam.

Taku 20 ɗin nan da ka ambata shi ne kan zancen. Wajen mita 15 ke nan. Da yawa daga cikin kyamarorin da ke kasuwa masu megafiksel 2 ne (megafiksel shi ne ma'aunin kaifin hoto), waɗanda ake rubuta wa 1080p a kwali, idonsu kuma mai faɗi ne, 2.8mm. Irin wannan za ta ɗauko maka layinku kusan gaba ɗaya, amma ba ta fito da fuskar da za a shaida sai mutum yana cikin mita 4 ko kusa da haka. An taɓa kawo mini wani bidiyo a waya, muka zauna da mai motar muna kallo. Ga yaro nan ya zo, ya waiga, ya ɗaga bonet, ya saɓa batir a kafaɗa ya tafi abinsa. Komai ya fito, ban da fuska, wadda ba ta wuce ƙwayar dawa ba a jikin allon. Muka yi ta jan hoton da yatsa yana ƙara dagulewa. Mutumin nan ya kashe kuɗinsa, abin da ya samu kawai shi ne ganin yadda aka yi masa satar.

Saboda haka guda ɗaya ba za ta rungumi aikin biyu ba. Ƙofar sashenka tana buƙatar tata, mota tana buƙatar tata, kuma ta motar dole ta matsa kusa da motar. In babu halin matsawa, ka nemi mai ido 6mm da megafiksel 4, wadda ke tsuke kallo ta jawo abin da ke nesa. Kada a ruɗe ka da mai juyawa hagu da dama ta waya. Da ƙarfe uku na dare kana barci, babu mai juya ta, inda ka bar ta tana kallo nan za ta kwana.

Na san dabarar da ke fara zuwa wa ɗan haya a rai ita ce ya ajiye kyamara a cikin ɗaki tana leƙe ta gilashin taga. Da rana za ta yi. Da dare ƙananan fitilun da ke kewaye da idonta, masu hasken da ido ba ya gani, za su doki gilashin su dawo mata, sai ka wayi gari da farin hazo a madadin hoto. Na'urar da ke jin ɗumin jikin mutum ta tayar da kyamara ita ma ba ta aiki ta bayan gilashi. A waje za ta zauna, kuma ka duba kwalinta ka ga IP65 ko IP66, alamar tana jure ƙurar hunturu da ruwan Agusta.

Ga motar, abin da ya fi dacewa da halinka shi ne mai batir da faifan sola, wadda ake sa wa layin waya na 4G. Ba ta neman wutar gida, ba ta neman Wi-Fi, ranar da za ka tashi daga gidan kuma ka kwance abarka ka tafi da ita. Sai dai ka san halinta. Barci take yi, motsi ke tayar da ita, kuma tana ɗan jinkiri kafin ta fara ɗauka. Na'urar jin motsinta ta fi kama wanda ya gifta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, ƙarfinta kuma ba kasafai yake wuce mita 10 ba. Ka kafa ta ta gefe, yadda duk mai zuwa wajen bonet sai ya ratsa gabanta. In layinku mai zirga-zirga ne, 'yan acaba da masu keke da awaki za su yi ta tayar da ita har batir ya ƙare kafin asuba, don haka ka shiga manhajarta ka zana mata iyaka a kan motar kaɗai. Faifan solar kuma yana son tsumma duk mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don ƙura tana rage masa caji sosai. Kafin ka sayi layi, ka tsaya daidai inda za a kafa ta da dare ka gwada wane kamfani ne ya fi ƙarfi a wurin.

Ta ƙofar sashenka ba ta da wahala. Ƙarama mai Wi-Fi ta isa, irin su EZVIZ ko Imou ko Tapo, a haɗa ta da ɗan ƙaramin batirin ajiya irin wanda ake sa wa na'urar intanet. In kana da inbata a gida, shi ke nan.

Maganar huda bango tana da mafita. Mai walda zai haɗa maka mariƙi da za a matse da noti a jikin ƙarfen taga, ko ƙafar tankin ruwa, ko ginshiƙin get, har da ɗan keji da kwaɗo. Ban yarda da gam ba, zafin Maris da Afrilu yana sake shi, in ya faɗo kuma da fentin mai gida yake faɗowa. Tsayi ya zama mita biyu da rabi zuwa uku. In ta yi ƙasa hannu zai kai, in ta yi sama da yawa saman hula za ka yi ta ɗauka. Ka ƙara fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, daidai saman motar. A ganina fitilar nan ta fi ƙarin megafiksel amfani, tana fito da launin riga, kuma ɓarawo ba ya son haske.

Memori kuwa a kula, jabu sun yi yawa, a rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Ka sayi na ainihi, wanda aka yi don kyamara. Mai ɗauka dare da rana a matsakaicin inganci tana iya cin wajen 20GB a yini, ka ga 128GB kwana 6 ke nan kafin ta fara goge na baya. Kallon kai tsaye ta waya shi ke cinye data, kusan rabin giga a awa ɗaya ko fiye, don haka sai ta turo maka saƙo za ka buɗe. Ka tabbata kuma tana turo hoton zuwa wayarka nan take, don wani ɓarawon da kyamarar yake fara tafiya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a gidan haya irin naku. Tsakar gida ba taka ba ce kai kaɗai. Nan matan maƙwabtanka ke wanki da girki da shanya, ba lulluɓi, suna ganin a cikin gida suke. Kyamarar da ta kalli wurin nan ta keta musu sutura, ko da niyyarka ta alheri ce, kuma Allah ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat. Kafin ka sayi komai, ka sami mai gidan, ka kuma tara magidantan sauran sassa ukun. Bayan an kafa, ka miƙa wa kowannensu wayarka ya ga iya inda take gani da idonsa. Ta ƙofarka ta kalli ƙofarka kawai, ka kashe mata ɗaukar murya. Ka canja kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma kada ka bar asusun manhajarta a kan lambar wanda ya kafa maka, a kan taka za a buɗe. Na sha ganin inda zaman nan ya sa maƙwabta suka haɗa kuɗi aka sayi ta bakin get tare, kowa ya huta.

Kyamara ba ta riƙe hannun ɓarawo, don haka ka kai motar a yi wa batirin keji, a ƙara wa bonet makulli. Kyamarar cikin mota mai gadi da dare tana shan batirin motar, sai an haɗa ta da abin da ke yanke wuta in caji ya yi ƙasa. In fargabarka a ɗauke motar ce ɗungurungum, tiraka za ka sa, ita ke nuna inda aka nufa da ita. In kuma Allah ya sa ka kama fuska, ka kai wa 'yan sanda da mai unguwa, kada ka watsa a Facebook. Hoton dare yana kama da mutane da yawa, ana iya afka wa ɗan wani da bai ji ba bai gani ba.

Kada ka cika wa mai kafawa kuɗinsa da rana. Ka bari sai bayan isha'i, ka kashe fitilun gida, ka sa ƙanenka ya sa hula ya taho daga bakin layi ya taɓa bonet. Ka duba ko saƙo ya shigo wayarka, sannan ka nuna wa maƙwabcinka bidiyon ba tare da ka gaya masa ko wane ne ba. In ya kasa gane shi, a sauko da ita a sake mata wuri.