Rusa majalisa: ni na ga irinta a Damagaram

Malam, wallahi tambayarka ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ka ce in majalisa ta cije, ba gaba ba baya, ko shugaban ƙasa na iya rusa ta, kuma me zai sami dimokuraɗiyya bayan nan.

Iyawa kam yana iyawa. Tsarin mulkinmu na Kamaru na 1996, sashe na 8, ya ba shi wannan dama bayan ya tuntuɓi gwamnati da shugabannin majalisun biyu. Gadon Faransa ne, shi ya sa a Najeriya ba za ka ji wannan zance ba, can shugaba ba shi da ikon. Amma kada kowa ya ruɗe ka cewa rusawa magani ce.

A 1994 ina Damagaram, na baro Garwa na buɗe ɗan shago. A shekarar aka karya darajar sefa, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Sai Mahamadou Issoufou ya ajiye kujerar firaministan Nijar, jam'iyyarsa ta fice daga ƙawance, Shugaba Mahamane Ousmane ya rasa rinjaye. A watan Oktoba ya rusa majalisa, yana zaton talakawa za su ba shi tasa. Aka yi zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka lashe. Dole ya karɓi Hama Amadou a firaminista, aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Ko taron ministoci sai da rigima.

Mu a ƙasa muka sha wuyar. Albashi ya maƙale wata da watanni, ni kuwa yawancin masu saye a wurina ma'aikatan gwamnati ne. Akwai wani, ba zan kama sunansa ba, kullum da farar shadda da ƙamshin turare. Ya ɗauki shinkafa buhu-buhu, da sukari, da man gyaɗa, yana cewa "Alhaji rubuta, da zarar an biya ka ganni." Na rubuta a littafin bashi har shafinsa ya cika na juya wani. Ranar da na ji an biya su wata ɗaya na je ƙofar gidansa. Ya bar ni tsaye a rana, yara na leƙe na, sannan ya fito yana sakace haƙori ya ce ai ni baƙo ne, in ina da ƙara in kai wa majalisa. Majalisa! Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. A lokacin matata na da tsohon ciki, mai ba ni kaya kuma ya riga ya aiko ya ce ba ƙari sai na biya na baya. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ƙarshenta ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulkin soja, ya kwashe su duka, da shugaban da firaministan.

To kai dai abin da za ka duba: an sa ranar sabon zaɓe ko ba a sa ba? Wanda ya rusa, zai haƙura in ya sha kaye? A Senegal Diomaye Faye ya rusa a Satumban 2024, aka yi zaɓe a Nuwamba, jam'iyyarsa ta samu kujeru 130 cikin 165, aka wuce wurin. Shugaba Tandja na Nijar kuwa a 2009 don tazarce ya rusa, ya haɗa da kotun tsarin mulki, sojoji suka ɗauke shi a Fabrairun 2010. Kuma don Allah in kana da shago, da ka ji manya sun fara wannan ja-in-ja ka rufe littafin bashi, ko ɗan uwanka ne.

Mu nan Kamaru ma wace majalisa ce za ta cije? Jam'iyya mai mulki, RDPC, ta samu kujeru 152 cikin 180 a zaɓen 2020. Tamu cutar ƙarin wa'adi ce: waɗanda aka zaɓa a 2013 sai 2020 aka sake zaɓe. Ku na Kusiri ku tsallaka gada ku tambayi mutanen Njamena. Majalisar da suka zaɓa a 2011 ta zauna shekara goma, sojoji suka rusa ta a 2021 bayan rasuwar Idriss Déby, ba su sake zaɓen 'yan majalisa ba sai Disamban 2024.