Tsohuwar BMW mai ƙofa biyu: in saya in gyara in sayar, ko in bar ta?

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, mai harkar wake da aya, ya aiko da tambaya. An yi masa tallar BMW 328i mai ƙofa biyu, ƙirar 1996, a kan jika 900 na sefa. Inji lafiya lau, amma ƙafa, wato kayan da ke haɗa tayoyi da gangar jiki, ta mutu: tana ƙwanƙwasa a kan gargada, tana jan gefe guda, tsatsa kuma ta ci bakin tayoyin baya da ƙarƙashin ƙofofi. Tolye, mai gyaran jikin mota, ya ce walda da fenti jika 350, bakanike ya ce gyaran ƙafa jika 250. Yana sa ran sayar da ita miliyan 2 da jika 200. Tambayarsa ita ce: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Lambobin da ka kawo duka an yi su ne motar tana tsaye a kan tayoyinta, ba wanda ya shiga ƙarƙashinta. Kuɗin da tolye ya faɗa kuɗin tsatsar da ido ya gani ne, ita kuwa tsatsar mota daga ciki take ci zuwa waje. In ka biya jika 900 a kan wannan lissafi, ka sayi kifi a ruwa. Kafin ko dala ta fita daga aljihunka, roƙi mai motar ya ba ka ita na wuni ɗaya, ka biya bakanike ladan dubawa. In ya ƙi, amsarka ke nan.

Tsatsar nan ba ta Maradi ba ce. Garinmu busasshe ne, damina wata uku zuwa huɗu, mota kan yi shekaru a nan ba ta huje ba. Irin waɗannan motoci daga Turai suke zuwa, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, sannan su yi zaman jira a bakin teku, Kwatano ko Lome, cikin iska mai gishiri. Abin da Maradi ke ƙarawa shi ne yashi: ya cika lungunan da ke bayan robar bakin taya da cikin dokin ƙofa, damina ta zo ya sha ruwa ya riƙe kamar soso. Zafin rana kuma robobin ƙafa yake busarwa su tsage. Wato gangar jiki Turai ta ɓata ta, ƙafa kuma mu muka ƙarasa.

A hau da ita kan rami. A cire robar da ke rufe dokin ƙofa, da ta cikin bakin taya, a ɗage shimfiɗar but gaba ɗaya. Kayan aikin dubawa uku ne kawai: turnabis, ƙaramar guduma, da maganaɗisu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, mastik ne aka cika wurin da shi aka yi fenti a kai. Inda guduma ta ba da sauti a dakushe, ƙarfen ya ruɓe daga ciki. Inda turnabis ya shige, ba sauran magana.

Wannan ƙirar, wadda ake kira E36, an san inda take mutuwa. Akwai wurare huɗu da ake sa kirik a ƙarƙashin dokin ƙofa. Akwai ramin batir a cikin but, don masu silinda shida irin wannan a baya ake ajiye masu batir, ruwan batir da ruwan sama su taru a can. Akwai kan amortisa na baya, wanda a Kano ake ce wa shokozoba, inda ƙarfen jikin motar kan tsage a kewayen kusoshi biyun da ke riƙe da shi. Sai aljihun da hannun ƙafar baya ke ɗaure a ciki, gaban tayar baya kaɗan, da wurare huɗun da gadon ƙafar baya ke manne da gangar jiki. A leƙa kuma bututun birki na ƙarfe da ke bi ta saman tankin mai, don yana ruɓewa a inda ba a gani.

A nan hukuncin yake. Bakin taya, ƙasan fuka-fukan gaba da ramin batir duk aikin tolye ne na yau da kullum, ana iya ƙiyasta kuɗinsu. Dokin ƙofa in fatar waje ce kawai ta huje, shi ma da sauƙi. Amma in ruɓar ta kai inda ƙafar baya ke riƙe, ko ƙarfen ciki na dokin ƙofa ya zama gari a ɓangarorin biyu, kada ka saya da niyyar sayarwa. Gyaran yana yiwuwa, sai dai sai an sauke ƙafar baya duka, an sauke tanki, wanda na roba ne kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma jika 350 ba za ta je ko'ina ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A ranar dubawar kuma a kwatanta lambar shasi mai harafi da lamba 17 da abin da ke kan katgiris da takardar duwan. Motar da takardunta ba su cika ba, komai kyan fentinta, farashin kayan gyara take da shi. Rubuta bakwai na ƙarshen lambar ka ajiye, da su ake neman ainihin kayan da suka dace da motar.

To mu ce ta tsallake. Walda ce farko, ƙafa ta biyo baya, fenti a ƙarshe. Wanda ya fara da sayen amortisa sababbi ya ɗaura su a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, wanda ya fara da fenti kuma tartsatsin walda zai ɓata masa.

A wajen walda ake yawan cutar masu mota, ba lallai da mugun nufi ba, sau da yawa rashin kayan aiki ne. Ba a yin walda a kan tsatsa. Ana yanke wurin har sai an wuce ruɓar da santimita 2 zuwa 3, an iske ƙarfe mai sheƙi. Facin da za a sa ya zama kauri ɗaya da na asali: fatar waje wajen milimita 0.8 ce, wuraren da ke ɗaukar nauyi kuma 1.5 zuwa 2. Kwanon rufi da tol ɗin tano, wato fallen ƙarfen ganga, ba su da gurbi a nan. Mafi kyau a yanko ɓangaren daga gawar wata E36 da aka farfasa, don lanƙwasarsa ta riga ta dace. A haɗa baki da baki. In aka ɗora faci a kan tsohon ƙarfe, ruwa zai shiga tsakaninsu, bayan damina biyu fenti ya kumbura.

Injin waldar da ya dace da siririn tol shi ne mai waya da gas, wanda ake kira MIG, da waya mai kaurin milimita 0.6 ko 0.8. Waldar sanda irin ta masu ƙofofi da tagogi huda tol take yi. Ta kabaid kuwa tana yaɗa zafi, ƙarfe ya karkace, ta kuma ƙone kariyar da ke bayan tol ɗin inda hannu ba ya kaiwa. In ita kaɗai ake da ita, a bar ta a fatar waje, wuraren ɗaukar nauyi a nemi mai MIG ko da za a kai motar wani garaji. Ana ɗiga walda ne ɗigo-ɗigo, tazarar santimita 2 zuwa 3, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani. Kafin a kunna inji a cire kan batir, a zare filogin kwamfutar inji, a janye kafet da wayoyi daga wurin, a ajiye bokitin ruwa da abin kashe wuta kusa.

Bayan an gurje waldar, sai firamar efoksi shafi biyu a kan tsirarar ƙarfe, sannan a bi layin haɗin da man toshe haɗi, sannan baƙin shafen ƙarƙashi. Mastik don daidaita fuska ne kawai, kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Yana shan ruwa, kuma mai kauri tsagewa yake yi da zafinmu. Ruwan kashe tsatsa na kwalba yana amfani a tsatsar sama-sama, ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Cikin dokin ƙofa, bayan an gama fenti, a fesa kakin kariya ta ramukan da ke akwai, a kuma tabbatar ƙananan ramukan zubar ruwa a buɗe suke. Baƙin mai da wasu ke fesawa yana kumbura roba yana tara yashi. Fenti kuma yana da lokaci: cikin hazo da ƙurar hunturu sai a rufaffen ɗaki da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, a watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, a fesa da sassafe, in ba haka ba ya bushe kafin ya kwanta, ya fito da kurji kamar ɓawon lemo.

Ƙafa ta fi sauƙin lissafi, don kayanta ƙidayayyu ne. Ƙa'idar saye: ƙarfe na hannu, roba sabuwa. Hannuwan ƙarfe, gadon ƙafa da resor, wato sifirin, ana iya ɗauko su na hannu a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, muddin ba su lanƙwashe ba. Amma silanbulok (robar da ke mahaɗin hannuwan ƙafa), rotil (mahaɗi mai ƙwallon ƙarfe), kan sandar sitiyari da ke wajen taya, kan amortisa da robar kare ƙura, sababbi za ka saya. Silanbulok na hannu shekarunsa ɗaya da wanda ka cire. Amortisa na hannu caca ne; in dole ce, a matsa shi da hannu a ga yana dawowa a hankali ba tare da tsalle ba, kuma ba ɗigon mai a sandarsa. Sachs, Bilstein da Lemförder sunaye ne masu kyau, amma jabu ya cika kasuwa, don haka a sayi kaya wurin wanda zai karɓa in ya mutu da wuri, a karɓi rasit. Komai biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama tare. Robar taya da ake yankawa a cusa a madadin silanbulok tana iya kai motar haya wata biyu, amma a motar da ke wuce kilomita 200 a awa ganganci ne.

Ƙwanƙwasar da kake ji, a wannan ƙirar, yawanci daga kan amortisa na baya take, ko ƙananan sandunan da ke haɗa ƙarfen hana tangaɗi. In sitiyari na rawa lokacin taka birki, silanbulok ɗin bayan tiriyangil, wato hannun ƙarfe mai kusurwa uku na ƙafar gaba, ne ko faifan birki. In bayan motar na lilo kamar jela idan an ba ta wuta, silanbulok ɗin hannun baya ne, kuma shi ke cinye tayoyin baya ta ciki.

Kurakurai uku ke mayar da sabon kaya tsoho cikin watanni. Na farko, ɗaure kusoshin silanbulok tam motar tana rataye. Ana ɗaure su ne bayan an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna har ta yage. Na biyu, shafa giris don silanbulok ɗin tiriyangil ya shiga. Ruwan sabulu ake sawa, a sauke motar cikin minti 30 kafin ya bushe. Na uku, ƙin yin paralelizim, wato daidaita saitin tayoyi, bayan aiki, gaba da baya, don a E36 ana daidaita ƙafar baya ma. Kwana biyu kafin kwancewa a jiƙa kusoshi da man warware tsatsa, a kuma sa kuɗin sababbin kusoshi a lissafi, wasu sai sun karye. Resor na gaba ba a cire shi sai da abin matse shi, ya sha karya hannun masu gyara. In ka iske wani ya sa mata gajerun resor don ado, mayar da na asali: kaskon man injin na alminiyom ne, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa shi, ga kuma yashin unguwanni.

Yanzu kuɗi. Jika 900 da 350 da 250 sun kama miliyan 1 da rabi. Ƙara rubu'in kuɗin gyara saboda abin da zai ɓullo bayan an buɗe, jika 150, ya zama miliyan 1 da jika 650. Mai saye ba zai biya abin da ka faɗa ba. In ya rage kashi 10 cikin 100, ka karɓi miliyan 1 da jika 980. Saura jika 330, kashi 20 cikin 100 na jarinka, kuma ba a cire tayoyi, la'adar dillali, canjin suna, inshora da man zirga-zirga ba. Aikin zai ci wata biyu ko uku in an yi sa'a, sannan jiran mai saye. Toyota mai ƙofa huɗu tana da masu nema ko'ina. Mota mai ƙofa biyu, mai shan mai, mai ja da ciki a ƙasa, masu sonta a Maradi ƙalilan ne, wataƙila sai ka kai ta Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Ka fi kowa sanin abin da wannan kuɗi zai jawo in ka zuba shi a wake da kaka ka riƙe zuwa bazara. Kwatanta biyun.

Shawarata: a jika 900 ribar ta yi siriri. Ka yi lissafi daga baya zuwa gaba. Fara da kuɗin da ka tabbata za a ba ka, cire ribar da kake so, cire gyara bisa sabon ƙiyasin da za a yi bayan an buɗe robobi, abin da ya saura shi ne iyakar tayinka. Ramukan da turnabis ya tona su ne hujjarka wajen ciniki.

In an daidaita, rubuta yarjejeniya da tolye gaban shaida: wuraren da za a yanke ɗaya bayan ɗaya, da ranar gamawa. Kayan aiki kai za ka saya, ladansa kuma kashi uku: kafin alƙalami, bayan walda, bayan fenti. Kashi na biyu ba ya fita sai ka ga waldar da idonka tana tsirara, kafin a shafa mata komai, ka ɗauki hoto da salula. Ajiye hotunan tare da rasit ɗin kayan ƙafa a cikin motar, mai saye daga Yamai zai tambaye su kafin ya hau hanya.