Tsananta dokar duwan zai kashe fasa-ƙwauri kuwa?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru. Kullum muna jin za a ƙara tsananta dokar duwan (kwastan) saboda 'yan fasa-ƙwauri. Anya wannan zai yi magani, ko mu ƙananan 'yan kasuwa ne za mu sha wuya?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Dokar da muke aiki da ita, wato kundin duwan na ƙasashe 6 na CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta Afirka ta Tsakiya, ba ta rasa haƙora ba. Ta ba da ikon ƙwace kaya da motar da ta ɗauko su, da cin tara, har da ɗauri. Tun 2016 kuma Kamaru take gudanar da samamen HALCOMI na yaƙi da haramtaccen ciniki. Duk da haka, ki fita bakin titi a Marwa ko Garwa ki ga kwalaben zuwa-zuwa, wato man fetur na fasa-ƙwauri daga Najeriya, a jere kan tebur, mai sayarwa riƙe da mazurari, 'yan acaba na layi.

Dalili shi ne riba. Harajin shigo da kaya hawa huɗu ne: kashi 5, 10, 20 da 30 cikin ɗari. Atamfarki tana hawan ƙarshe. Kayan sefa 100,000 za a ɗora musu 30,000, sannan a lissafa harajin TVA (wato VAT) na kashi 19.25 a kan jimlar, ya zama kin biya sama da 55,000 kafin ƙananan kuɗaɗe. Wanda ya bi ta daji daga Mubi ko Banki ya tsallake duk wannan, ya zo ya karya miki farashi a rumfar da ke kusa da taki.

Man fetur ya nuna mana abin ƙarara. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa ya yi tsada nan take, cinikin ya ja baya, alhali ba a sauya ko harafi ɗaya a doka ba.

A ganina, inda ya kamata a ƙara wa dokar ƙarfi shi ne sama. Yaron da ke kan babur da jarkoki ɗan aike ne. A bi sawun mai ɗakin ajiya da mai zuba jari, a kuma hukunta jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai. Masu shigo da tiramol da makamai kuwa, ba na so a yi musu sassauci ko kaɗan, don na ga yadda ƙwayar nan take lalata samari. Irinku kuma a yi muku ƙayyadadden kuɗi mai sauƙi, a manna shi a bangon ofis kowa ya karanta.

Kafin nan, Hajiya, kada ki biya ko dala ba tare da an ba ki kitansi (rasit) ba, kuma ki duba ki tabbatar yawan turamen da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke cikin dilarki.