Amsa: Jaruman littattafan zane da shirin Star Trek

Malam, ka tambaya ko jaruman littattafan zane sun taɓa haɗuwa da mutanen shirye-shiryen talabijin na ƙagaggen kimiyya. Sun haɗu, amma galibi a takarda. A 1996 kamfanin littattafan zane na Marvel ya haɗa rukunin jarumansa na X-Men da mutanen jirgin sararin samaniya na shirin Star Trek a littafi ɗaya, inda aka kira "Dakta McCoy", daktoci biyu, ɗaya daga X-Men ɗaya daga Star Trek, suka amsa tare, domin sunansu ɗaya. A 2015 kuma kamfanonin littattafan zane na DC da IDW suka haɗa jarumin DC mai suna Green Lantern da mutanen Star Trek.

Abin da ke hana a gani a talabijin shi ne haƙƙin mallaka da tsadar aiki.  A ganina, na 1996 ya fi armashi.