Tambayarku: Wai gobarar dajin Amurka masu kuɗi kaɗai take ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dai akwai abin da ya ɗaure min kai, lokacin gobarar Los Angeles duk bidiyon da na gani a waya gidajen 'yan fim ne da manyan motoci, amma sai na ga ana ta tara musu taimako. Mutanen da ke da inshora da daloli a banki me za a tausaya musu? Ko akwai talaka a irin wuraren nan ne? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya ba laifinki ba ne, mai ɗaukar hoto inda ya ga suna yake dosa. Gobarar da ta tashi ran 7 ga Janairun 2025 ba ɗaya ba ce, manya biyu ne. Ta unguwar Pacific Palisades ita ce kika gani, can kam akwai masu hannu da shuni, ba musu. Amma ɗayar da ake ce wa Eaton ta faɗa wa garin Altadena ne, ta cinye gine-gine sama da 9,000, kuma ita ta fi kashe mutane.

Altadena kuwa labarinta daban ne. A shekarun 1960 da 1970 baƙar fata da yawa sun sayi gida a can saboda a wasu unguwannin ko kana da kuɗinka ba za a sayar maka ba, banki ma ba zai ba ka bashi ba. To irin gidajen nan ne uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, ma'aikatan asibiti ne da malaman makaranta da 'yan fansho, a takarda gidan ya yi tsada amma mai shi ba shi da komai sai gidan, in ya ƙone shi ke nan an koma gidan jiya. Abin da ya fi ci min rai, ɓangaren yammacin titin Lake, inda baƙar fata suka fi yawa, gargaɗin a fice bai iso musu da wuri ba, kuma kusan duk waɗanda suka mutu a wannan gobara a nan ɓangaren suke.

Bari in ja ki baya zuwa garin Paradise, shi ma a jihar Kalifoniya. Kafin 8 ga Nuwamban 2018 yana da mutum wajen 26,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun haura shekara 65, tsofaffi ne da suka yi ritaya suka hau can cikin itatuwa don muhalli ya fi araha, da yawa ma a gidajen nan na tafi-da-gidanka suke zaune. Wuta ta shigo da safe, hanyoyin fita kaɗan, motoci suka cunkushe. Ki ƙaddara tsohuwa mai keken guragu, ita kaɗai a gida, ba ta tuƙi, 'ya'yanta suna wani gari, wa zai ɗauke ta? Mutum 85 suka rasu, akasarinsu tsofaffi. Wayar lantarkin kamfanin PG&E ce ta haddasa wutar, kuma a 2020 kamfanin ya amsa laifi a kotu kan mutuwar 84. Wasu da suka tsira tanti suka kafa a filin ajiye motoci na kantin Walmart a garin Chico, a Amurka fa. Da aka yi ƙidayar 2020 mutanen Paradise ba su kai 5,000 ba.

Haka gobarar garin Lahaina na tsibirin Maui da ke jihar Hawaii a Agustan 2023, an rasa mutum sama da 100. Gari ne na 'yan yawon buɗe ido, amma mazauna da yawa 'yan asalin Filifin ne masu aikin otal, shara da girki da gyaran ɗaki, kaka da 'ya'ya da jikoki a gida ɗaya saboda tsadar haya. Rana ɗaya gida ya tafi, aikin ma ya tsaya.

Batun inshora da kika kawo, a nan gizo ke saƙar. Ɗan haya ba shi da gidan da za a biya shi, kayansa ma sai in ya yi musu inshora daban. Mai gida kuma sau da yawa kuɗin da za a ba shi ba ya kai abin da sabon gini zai ci, ga kamfanonin inshorar suna janyewa daga wuraren da wuta ta saba ci, State Farm ma ya ƙi sabunta wa mutane da yawa a Palisades tun 2024. Mai kuɗi zai kama haya ya jira shekara biyu ko uku ana gini. Wanda ba shi da shi ba zai iya jira ba, sai dillalai su zo da tayi a kan filin da ya zama toka, shi ya sa bayan gobarar in kin bi titunan Altadena za ki ga alluna a bakin kangaye an rubuta cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce.